Minti Goma Sha Ɗaya

Litinin, 20 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

'Yata Gillian ce ta sayo mini wannan littafin. Wai likitan ranar Alhamis ya ce in riƙa rubuta abin da na yi kullum. Na ce mata shekara talatin da takwas na yi a ofishin tashar jiragen ruwa ta Goole ina rubuta nauyin gawayi da katako, ko tan ɗaya bai taɓa ɓace mini ba, don haka ba wani yaro mai farar riga ne zai koya mini riƙe alƙalami ba. Amma takardar mai kyau ce, ba ta shan tawada. Zan rubuta abin da na ga dama.

Abin da na ga dama kuwa shi ne, an kira jikata Tamsin intabiyu. Lissafi da falsafa. Wasiƙar ta zo ranar Juma'a. Tsohuwar jami'ar nan ce ta kudu, mai hasumiyoyi, wadda na yi wa kaina alkawari tun da daɗewa ba zan ƙara rubuta sunanta da hannuna ba. Ranar sha ɗaya ga Disamba za ta zauna gaban malamai biyu su yi mata tambayoyi. Mako uku cif. A duk makarantarsu ita kaɗai aka kira.

Ita ce ta biyu a zuriyarmu. Ni ne na farko.

Disambar 1965, ina da shekara sha bakwai, sanye da kwat ɗin aro wanda hannayensa suka rufe mini yatsu. Malamai biyu, murhu na ci, agogo a bango yana kallona. Suka ba ni tambaya. Na yi shiru minti goma sha ɗaya. Ɗaya ya fara gyaran murya, ɗayan ya ce ko ina son ya ɗan haska mini hanya. Na ɗaga masa hannu. Sannan na tashi na rubuta amsar a allo daga layin farko har na ƙarshe, ban goge ko harafi ɗaya ba. Suka ɗauke ni.

Haka ake yi. Haka zan koya mata.

Talata, 21 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ta zo daga makaranta a jiƙe, laimarta ta karye. Na zuba mata shayi, na ɗauko tsohon allon darana mai gida sittin da huɗu, baƙi da fari. Na ɗora maɓalli ɗaya a kusurwar sama ta hagu, ɗaya a kusurwar ƙasa ta dama. Saura gida sittin da biyu. Na zube mata 'ya'yan domino, kowanne yana rufe gida biyu maƙwabta. Na ce, talatin da ɗaya za su rufe sauran allon, ko ba za su rufe ba?

Ko numfashi ba ta yi ba ta fara.

"To bari in gwada da ƙaramin allo tukuna, huɗu-huɗu. A'a, tsaya, biyu-biyu ma. Kai, wannan ai ba zai yiwu ba. Ko zai yiwu? Idan na fara daga gefe..."

"Tamsin."

"Na'am, Kaka."

"Kasuwa muke?"

"Tunani nake yi."

"Da baki?"

"Malam Dunnett ya ce haka suke so. Wai ba amsar ce ta dame su ba, so suke su ji yadda kake bin hanya. Wai in ka maƙale ka faɗa, su ɗan haska maka, su ga ko za ka iya amfani da hasken."

Dunnett shi ne malaminsu na lissafi. Na tambaye ta a ina ya yi karatu. Ta ce ba ta sani ba, ba can ba dai. Na ce to. Na ce mata mai dafa abinci ba ya kawo ɓawon dankali kan tebur. Abin da ya nuna ake kawowa. Mutum ya yi kuskurensa a cikin kansa, inda ba mai gani.

Ta murguɗa baki, amma ta yi shiru. Bayan kamar minti ashirin ta ɗago. Ta ce kusurwoyin nan biyu launinsu ɗaya, fari da fari, alhali kowane domino dole ya rufe baƙi ɗaya da fari ɗaya. Baƙaƙe talatin da biyu, farare talatin. Ba zai yiwu ba ko za a shekara ana gwadawa. Sai ta yi dariya irin ta kakarta Noreen, kai a baya, ana ganin dasashi.

Ban yabe ta ba. Yabo yana sa yaro kasala. Amma a nan zan iya rubutawa: yarinyar nan ta fi ni lokacin da nake kamarta. Bakin ne kawai matsalarta.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

An kai ni wurin likita. An dawo da ni. Yaron nan mai farar riga ya ce in fara daga ɗari in riƙa cire bakwai. Ni. Na ce masa in yana so in fara masa daga dubu. Ya ce ɗarin ma ta isa, Mista Garside. Ɗakin ya cika zafi, kuma akwai wata na'ura a bango mai ƙugi, ba mahaluƙin da zai iya tunani a wurin. Na rubuta wannan ne don a sani.

Asabar, 25 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Gillian ta zo da safe da 'yan takardu masu manne, ta bi kicin ɗina tana liƙawa. KOFUNA. SHAYI. A saman murhun gas kuma, da jan alƙalami, A KASHE. Na ce ta rubuta BABA ta manna mini a goshi, kada ta manta ko wane ne ya koya mata karatu. Ta ce, "Baba, don Allah kada mu fara." Kullum haka take cewa, alhali ita ce ke farawa.

Da rana falsafa muka yi da Tamsin. Na juye kwanon sukari a kan tebur. Na ce wannan tsibi ne? Ta ce tsibi ne. Na ɗauke ƙwaya ɗaya da bakin wuƙa. Har yanzu tsibi ne? Ta ce eh mana. Na ce to in na ci gaba da ɗauke ɗaya-ɗaya har ya rage ƙwaya uku, a wace ƙwaya ce ya daina zama tsibi? Ta buɗe baki, na nuna mata agogon kicin. Minti biyar, na ce, ba magana.

Ta cika su, tana taunar igiyar rigarta. Sannan ta kawo amsoshi uku a jere, tsaf, kowacce da rauninta. Na ji daɗi ƙwarai. Tana share sukarin da gefen hannu sai ta ƙara da cewa, "Kuma ka san wani abu, Kaka? Tsibin shi ba zai taɓa sanin ranar ba. Sai na gefe ne za su gani."

Ta faɗa, sai ta kalli takardun uwarta a jikin kabad, kunnuwanta suka yi ja.

Na ce darasi ya ƙare, ruwa na shirin saukowa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu na rana

Ba ni na bar tukunyar a wuta ba. In ma ni ne, tukunyar ta tsufa.

Talata, 28 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Minti shida yau. Ko tari ba ta yi ba. Na gwada ta, na ce ko in ɗan haska miki? Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta ɗago kai ba. Sai da na tashi na je wajen taga ina duban jiragen ruwa, kada ta ga fuskata.

Masu kuɗin nan na kudu, 'ya'yansu tun suna cikin zanen goyo ake koya musu surutu a gaban manya. Za su shiga ɗakin nan su cika shi da kalmomi kamar aku. Ita za ta shiga ta yi shiru, sannan ta ajiye musu amsa a tebur. Shiru ma magana ce, ga mai kunne.

Jibi Alhamis makarantarsu za ta yi mata intabiyun gwaji. Ina tausaya wa Dunnett.

Juma'a, 1 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

Dunnett ya zo gidana. Ban gayyace shi ba. Dogo ne siriri, da hular keke a hannu, wandonsa ya sha taɓo. Ya tsaya a kan tabarmar ƙofa yana ɗigar ruwa. Na ce ya shigo tun da dai ya riga ya jiƙa ta.

"Mista Garside, jiya mun yi wa Tamsin gwaji. Minti ashirin da biyar, kamar yadda za su yi mata."

"Na sani."

"Ta yi shiru minti tara."

"Da kyau."

"Tun a minti na farko ta ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa. Da ta faɗa a bayyane, da kalma ɗaya ta isa in juyo da ita. Na yi ƙoƙarin magana, ta ɗaga mini hannu."

Na ce shayi ko ruwa.

"Mista Garside, hannu fa ta ɗaga mini. Kamar ɗan sandan hanya."

"Tana tunani ne, samari. Wataƙila ba ka saba gani ba."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce daga baya an same ta a banɗakin 'yan mata tana kuka. Ya ce mutanen nan ba amsa suke ɗauka ba, ɗaliba suke ɗauka, wadda za su zauna da ita a ɗaki ɗaya kowane mako har shekara huɗu. Abin da suke so su sani shi ne ko tana koyuwa. Wanda ya kulle bakinsa, ba ta inda za a shiga a koya masa.

Na ce ni ai sun ɗauke ni.

Ya ce, "Na sani, ta ba ni labarin minti goma sha ɗaya. Duk ajin ma sun sani." Ya juya hularsa a hannu. "Daga baya fa, yaya aka yi?"

Na buɗe masa ƙofa. Na ce ya kula da matakala ta biyu, tana da santsi.

Asabar, 2 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Ban tabbata ko na taɓa rubuta wannan ba, amma ya kamata a ajiye shi a wani wuri. A Disambar 1965 na je intabiyu da kwat ɗin aro. Malamai biyu, murhu, agogo a bango. Suka ba ni tambaya, na yi shiru minti goma sha ɗaya. Ɗaya ya so ya taimaka, na ɗaga masa hannu. Na rubuta amsar ban goge ko harafi ɗaya ba. Suka ɗauke ni.

A shekara ta biyu mahaifina ya kwanta ciwo, shi ya sa na dawo gida. Kowa a titin nan ya san haka. Noreen ta sani har ta bar duniya. Ba ruwan wani mai keke.

Litinin, 4 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Ba ta zo ba. Na dafa shayi na mutum biyu.

Talata, 5 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Ba ta zo ba. Gillian ta zo da kwalaye marasa komai, ta jingine su a bayan ƙofa, ba ta ce komai a kansu ba, ni ma ban tambaya ba. Saura kwana shida.

Laraba, 6 ga Disamba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Zan rubuta wannan duka yanzu, tun yana nan.

Ta zo ƙarfe huɗu da rabi. Ba ta cire kwat ba. Ta ja kujerarta, wadda ke fuskantar agogo, ta ce in zauna a nan, ita ta zauna a inda na saba zama.

"Yau ni ce malama," ta ce. "Barka da zuwa, Mista Garside. Ya hanya? Jirgin bai makara ba?"

"Ke, ban son shashanci."

"Ga takarda, ga alƙalami. Tambaya ɗaya ce, mai sauƙi. Lambobin nan da ba sa rabuwa, biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, waɗanda ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Nuna mini cewa ba su da ƙarshe."

Na kusa yin dariya. Tun ina da shekara sha huɗu na san wannan. Ni na koya mata shi a kan wannan teburin tana da shekara tara, da ƙwayoyin wake. Na ɗauki alƙalami. Na rubuta: a ce suna da ƙarshe. A jera su duka. A ninka su gaba ɗaya, a samu wata ƙatuwar lamba.

Sai na tsaya.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar ka hau matakalar gidanka wadda ka yi shekara arba'in kana hawa, ka ɗaga ƙafa, ka tarar babu mataki na gaba. Ba wuya abin ya yi ba. Babu shi ne kawai. Na kalli takarda. Na kalli agogo. Biyar saura kwata. Na ce a raina zai dawo, kullum yana dawowa. Na ji ƙarar firij, na ji wata mota tana juyawa a waje. Biyar saura minti goma. Tamsin ba ta motsa ba.

Biyar saura minti biyar ta ce, a hankali, "Mista Garside, me kake gani yanzu?"

Hannuna ya tashi da kansa. Na gan shi a sama tsakanina da ita, tsohon hannu mai ɗigo-ɗigo. Ta kalle shi, ta kalle ni.

Na sauke shi.

Na ce, "Na ninka su duka. Ina da wata ƙatuwar lamba. Kowacce a cikinsu tana raba ta daidai. Ban san abin da zan yi da ita ba." Muryata ta fito kamar ta wani. "Na maƙale."

"Da kyau," ta ce. "Wace iri kake nema? Wadda suke rabawa, ko wadda ba sa rabawa?"

"Wadda ba sa rabawa."

"To mene ne ɗan ƙaramin abin da za ka yi wa wannan ƙatuwar ka ɓata musu lissafi duka?"

Na yi kamar daƙiƙa goma.

"In ƙara mata ɗaya."

Daga nan sauran ya zubo kamar an buɗe famfo. Kowacce ta raba za a samu ragowar ɗaya. Ke nan ko dai sabuwar lambar ita ma ba ta rabuwa, ko kuwa akwai wata mai raba ta da ba ta cikin jerinmu. Ko ta yaya jerin bai cika ba. Na faɗa da baki, ina rubutawa, na yi kuskure sau ɗaya na soke shi a gabanta. Minti goma ina zaune ni kaɗai ban samu komai ba. Tambaya biyu daga bakin yarinya, minti ɗaya, an gama.

Na ajiye alƙalami. Sai na ji ina faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kakarta ba.

A shekara ta biyu, zango na biyu, muka shiga wani fanni da ban gane ba. Tun makon farko ya kuɓuce mini. Kowace Talata nakan hau bene in zauna gaban malamina, ni da shi kawai, sa'a guda. Mutumin kirki ne, yana da lofe da kare. Kowane mako yakan ce, "Garside, a ina ne ya tsaya maka?" Ni kuma in ce babu ko'ina, ranka ya daɗe, ina tunani ne. Mako bakwai ina tunani. A na takwas na haɗa akwatina na hau jirgin safe. Ya rubuto mini wasiƙa biyu, ban buɗe ba. Mahaifina lafiyarsa lau a lokacin. Sai bayan shekara guda ciwon ya kama shi, ni kuma na ari ciwon na yafa.

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka kuka za ta yi, irin na uwarta.

"Kaka," ta ce, "kai fa taurin kanka ya fi na alfadari."

"Gado ne. Ki duba madubi."

"Shekara hamsin saboda kalma biyu."

"Hamsin da ɗaya."

Ta tura mini farantin biskit. "Ɗauki ɗaya, Mista Garside. Za mu aiko maka da wasiƙa a watan Janairu."

Sannan ta cire kwat. Na ba ta tambaya, ta yi ta surutu har ƙarfe bakwai. Ta shiga lungu uku da ba sa ɓullewa, ta faɗa, ta fito. Ban nuna mata agogo ba. Gaskiya dai, da daɗin ji. Kamar ka tsaya a bakin tasha kana kallon yadda ake juya babban jirgi a ƙaramin ruwa.

Alhamis, 7 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Yaron ya sake cewa in cire bakwai. Na yi masa a bayyane. Casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara, saba'in da biyu, sittin da biyar. A nan na tsaya. Na ce masa na tsaya. Ya ce ya gode da na faɗa. Gillian ta juya tana kallon wurin ajiye motoci ta taga, kamar akwai abin kallo.

Har yanzu ina nan a kan bakana, ɗakin ya cika zafi.

Lahadi, 10 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Mun raka ta tasha. Sanyi kamar ya yanke kunne. Gillian ta cika mata jaka da burodi da cuku kamar za ta ƙetare teku. Ni na miƙa mata alƙalamina, wanda na yi intabiyuna da shi, wanda ban taɓa bari wani ya taɓa ba. Ta juya shi a hannu, ta sumbace ni a kumatu, ta mayar mini da shi aljihu.

"Ka riƙe na littafinka, Kaka. Ni fensir na ɗauko. Mai abin gogewa."

Jirgin ya makara minti huɗu. Dunnett ma ya zo da kekensa. Na gyaɗa masa kai. Ya isa haka.

Litinin, 11 ga Disamba, ƙarfe sha ɗaya saura minti ashirin na safe

Yanzu tana ciki. Ki yi magana, 'yar nan. Ki yi magana.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyar na yamma

Shiru. Na dafa shayi, na kashe gas, na dawo na duba na kashe.

Talata, 12 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Gillian ta bugo waya. Wai Tamsin ta ga sunanta a allon sanarwa na bakin ƙofa, wata kwaleji daban a cikin jami'ar tana son ganinta da yamma. Na ce ke nan na farkon ba sa so, suna neman inda za su sauke ta. Gillian ta ce ta tambayi Dunnett, ya ce ba haka ba ne, kusan kowa ana yi masa haka a lissafi, ba ya nufin komai. Mutumin nan yana da amsar komai.

Ina fatan wannan karon ma shi ke da gaskiya. Kada wanda ya faɗa masa na rubuta haka.

Alhamis, 14 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Ta dawo jiya. Yau ta zo ta cinye mini biskit rabin fakiti tana ba da labari.

A na lissafi, a kwaleji ta biyun, wata malama mai furfura ta ce mata, a kowane taro, in mutane suka gaggaisa, dole a samu biyu da adadin waɗanda suka gaisa da su ya zo ɗaya. Ta nuna dalili. Tamsin ta ce ta kama wata hanya da gudu, ta yi minti uku a kai tana zuba, sannan ta ce musu, "Ku yi haƙuri, wannan ba inda za ta kai ni." Sai malamar ta ce, to a ce akwai wanda bai gaisa da kowa ba fa? Ta ce nan take ta ga hanyar.

"Kin ɗaga mata hannu?"

"Na zauna a kan hannayena, Kaka. Duka biyun."

A na falsafa, wani saurayi mai gemu ya tambaye ta, in mutum ya yi alkawari sannan ya manta ya yi, alkawarin yana nan a kansa? Ta ce ta canza ra'ayi sau biyu a gabansu. Na ce a ƙarshe me kika ce? Ta ce ta ce yana nan, amma wataƙila sai na kusa da shi su riƙe masa. Ta ce mai gemun ya yi ta kawo mata suka, ita kuma tana ramawa, har ɗayan malamin ya ce lokaci ya wuce.

"Na yi surutu kamar a kasuwa," ta ce.

Na ce to Allah ya sa suna sayen kaya.

Laraba, 10 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Daga ɗakin baya na gidan Gillian nake rubutu. Tagar tana kallon katanga, ba a ganin jiragen ruwa. Ba zan yi maganar wannan ba.

Saƙon ya zo da safe. Sun ɗauke ta. Kwaleji ta biyun ce, ta malama mai furfura, in ta ci jarrabawar bazara kamar yadda suka gindaya. Za ta ci.

Ta shigo ɗakin nan da gudu ko takalmi ba ta cire ba. Na ce ta zauna ta nuna mini abin nan na lambobin da ba su da ƙarshe. Ta ce ai jiya ma ta nuna mini. Na ce na yarda, ta sake, da baki, a hankali. Ta sake. A tsakiya na ce ban gane ba, ta koma baya. Bai yi mini ciwo kamar yadda na zata ba.

Da ta fita na roƙi Gillian takarda ɗaya cikin masu mannen nan nata. Na ɗauko alƙalamina na rubuta sunan Tamsin, a ƙarƙashinsa na rubuta sunan jami'ar, cikakke, da manyan baƙaƙe. Rabon hannuna da shi shekara hamsin da ɗaya. Na manna a bango daidai inda idona ke fara sauka in na farka.

Gillian ta ce, "Baba, ai sai Oktoba za ta tafi."

Na ce na sani. Ina so ya riga ya kasance a bangon, don ban san abin da zai rage a tsibina ba ranar.

Mu biyu ne a zuriyarmu. Ita za ta gama.